Kwana Huɗun Gwaggo a Jidda

Har yau idan baƙo daga Najeriya ya sauka a gidana, kafin in tambaye shi inda yake so a kai shi yawo, sai na fara tambayarsa ko an ba shi wani ƙunshi ya kawo. 'Ya'yana dariya suke yi mini, wai na zama ma'aikaciyar kwastan. Ba su san inda na koyo wannan hali ba. A wurin Gwaggo na koye shi, yayar mahaifina, wadda ta yi kwana huɗu a gidanmu na unguwar Ammariyya 'yan shekaru bayan Najeriya ta samu 'yancin kai.

A Jidda aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata ma, don kakanninta ne suka zo aikin hajji suka zauna. Baba kuwa da ƙafarsa ya zo. Ya bar ƙauyensu na ƙasar Katsina yana saurayi, ya yi wa mahaifiyarsa alkawari zai sauke farali ya komo cikin shekara uku. Ya yi tsinkar auduga a Sudan, ya tsallako teku, ya yi hajjin, sai ya koyi ɗinki a wurin wani tela ɗan Yaman. Daga nan aure, daga nan ni. Shekara uku ta zama talatin da 'yan kai.

Mahaifiyar tasa, wadda suke kira Inna, tana raye duk tsawon wannan lokaci. Kowace shekara Baba sai ya nemi wani alhajin garinsu ya ba shi wasiƙa da zane da turare, a ƙarshen wasiƙar kuma ya roƙi Inna ta yafe masa. Amsa takan zo, da gaisuwa da labarin damina da sunayen waɗanda suka rasu. Kalmar yafiya ba ta taɓa fitowa a ciki ba. Baba ba mai yawan magana ba ne, amma na san abin yana cinsa, don duk wasiƙar da ta zo sai ya karanta ta sau biyu, na biyun daga ƙasa yake farowa.

Da labari ya zo cewa Gwaggo za ta zo hajji, kuma bayan an gama za ta sauka a wurinmu kafin jirginsu ya tashi, Baba ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ce da ni, "Abin da idon Yaya ya gani, shi kunnen Inna zai ji. Ina so ta koma ta ce ban watse ba. Ta ga garin da ya riƙe ni, ta ci abin da nake ci." Ya ɗauki bayan takardar awon wani mai riga ya rubuta inda za mu je kowace rana da abin da za a ci. Lokacin shekarata goma sha tara, mahaifiyata ta rasu da shekara biyu, ni ce matar gidan. Ya ce kada in wahalar da kaina da girki, aikina in zama 'yar rakiyar Gwaggo.

Ban ga laifin tsarin ba ko kaɗan. Mu a Jidda, in kana so ka girmama baƙo, sai maigida ya tashi da kansa ya je ya bi layi a wurin wanda ya fi kowa iya abu a garin, ya kawo da zafinsa. Abincin gida ai na kullum ne. Haka na ga dangin mahaifiyata suna yi, haka kowa yake yi a unguwarmu.

Gwaggo ta iso da la'asar, gajeriyar mace, baƙa, ƙwaƙƙwara, wadda da sana'ar ƙuli da man gyaɗa ta biya kujerarta. Hajjin shekarar cikin zafi ya faɗo, ta rame, leɓɓanta sun tsattsage, amma idonta yana nan kar. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi Baba daga hula har takalmi, ta ce, "Auta, kai ne ka yi furfura haka?" Shi ke nan gaisuwar shekara talatin. Baba ya durƙusa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

Da Baba ya fita sallar magariba, Gwaggo ta kwance kayanta ta ciro wani ƙunshi a tsohon zane, an ɗaure shi tamau da igiyar kaba. Ta miƙo mini da hannu biyu ta ce, "Ke ce matar gidan, ko? Ga saƙon Inna." Na karɓa na yi godiya yadda aka koya mini. Tun kafin in kwance, warin daddawa ya buge ni. Na leƙa na ga garin dawa a jakar yadi, da kuka, da daddawar a wani tsumma. Na san daddawa, wasu maƙwabtanmu suna miya da ita, amma a gidanmu ba a yi, mahaifiyata ba ta son warin. Na ce a raina wannan tsaraba ce ta ajiya, kuma wa zai ba baƙuwa abin da take ci kullum a gida? Na tura ƙunshin cikin wani babban gwangwani, na danne murfin, na hau da shi saman gida inda muke shanya, don kada ɗaki ya ɗauki wari. Ban ma gaya wa Baba ba. A nan na yi kuskuren, tun daren farko, kuma da zuciya ɗaya na yi shi.

Washegari da sassafe Baba ya dawo da kwanon ful, wato waken da ake kwana ana dafawa a tulun ƙarfe, an zuba masa man shanu da yaji, da kuma burodin tamis mai faɗi kamar faifai, yana tururi. Ya ajiye gaban Gwaggo yana haki. "Yalla, Yaya, bismilla. Daga nan har Bab Makka babu mai ful irin wannan mutumin."

Gwaggo ta leƙa kwanon ta ce, "Wake ne dai, ko?" Sannan ta juyo ta dube ni. "Wa ya dafa?"

Na ce, "Wani ɗan Yaman ne, Gwaggo, mutane tun asuba suke layi a wurinsa." Da alfahari na faɗa.

Ta ce, "To, Allah ya yi masa albarka." Ta yi loma uku ta wanke hannu. Muka ce gajiyar hanya ce.

Ranar cikin tsohon gari muka kai ta. Baba yana gaba cikin farar jallabiyar da ya ɗinka wa kansa musamman, mu muna biye. Ya nuna mata dogayen gidajen attajirai masu hawa huɗu da biyar, da tagoginsu na katako da aka sassaƙa suka turo kan hanya, inda matan gida suke zama su ga waje ba a gan su ba. Gwaggo ta ɗaga kai har mayafinta ya zame, ta ce, "Su waɗanda ke can sama, a ina suke daka?" Baba ya ce ba sa daka. Ta ce, "Allah sarki." Tausayinsu ta ji, ba sha'awa ba.

Muka ratsa kasuwar Alawi, inda rana ba ta isowa ƙasa saboda rumfa, ga ƙanshin turaren wuta da na gahawa, ga alhazai na kowace ƙasa suna ciniki da yatsu. Baba ya saya wa Inna darduma mai laushi da carbi da kwalbar turare, ya saya wa Gwaggo tire mai zanen Ka'aba. Duk shagon da muka wuce sai mai shi ya ɗaga masa hannu, shi kuma sai ya waiwayo ya ga ko Gwaggo ta lura. Ta lura. Ba abin da ke wuce idonta, magana ce kawai ba ta yi.

Wuri ɗaya ne na ga ya taɓa ta, maƙabartar da ake cewa a nan aka binne uwarmu Hauwa'u. Mata ba sa shiga, sai muka tsaya a jikin bango. Gwaggo ta daɗe tana addu'a, hannunta a kan dutsen bangon mai zafi. Da ta shafa, sai ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "Ashe ita ma a nan ta ƙare." Baba ya sunkuyar da kai ya ce mu tafi, rana ta yi.

Da rana ya kawo mutabbaƙ, wato kwaɓin fulawa da ake shimfiɗawa har ya yi siriri kamar takarda, a zuba ƙwai da nama da ganyen albasa a ninke a soya. Da yamma ya kawo balila a kwano, wato dafaffen waken Larabawa mai ɗan tsami. Kowanne ya iso, tambayar Gwaggo ɗaya ce, wa ya dafa. Kowanne na ba ta amsa, ta sa wa mai dafawar albarka, ta ɗan taɓa ta ture. Har na fara jin haushinta. Na ce a raina wannan mata ba a iya mata, an kawo mata abin da sarakuna ke ci tana yatsina.

Rana ta uku ta teku ce. Baba ya ɗauko hayar mota, muka fara biyawa ta kasuwar kifi ta Bangala, ya zaɓi jan kifi mai tsada da hannunsa, ya ɗaga kunnen kifin ya nuna wa Gwaggo jini, ya kai wa masu suya suka soya nan take, aka haɗo da shinkafar sayadiyya mai launin ƙasa saboda soyayyiyar albasa. Muka shimfiɗa tabarma a bakin ruwa, can nesa da maza. Jiragen ruwa suna tsaye a can ciki, ƙananan kwale-kwale suna kai da kawowa. Ni ina son teku, har gobe ina sonsa, na ɗauka ko dutse ne ya ga wannan wuri zai yi magana.

Gwaggo ta zauna can ƙarshen tabarma, ta ƙi matsowa. Ta ce, "Duk wannan ruwa ba a sha?"

Baba ya ce ba a sha.

"Ba a ban-ruwa da shi?"

Ya ce ba a yi, gishiri ne.

Ta ce, "To." Ta juya wa tekun baya ta fuskanci motar.

Kan hanyar dawowa Baba ya sa aka tsaya a wurin wani mai tsire. Wannan shi ne makaminsa na ƙarshe, don mai tsiren Bahaushe ne, kuma Larabawa ne suka yi masa layi, suna kiran abin sire. Baba yana so Gwaggo ta ga yadda abin gida ya samu daraja a nan. Ta leƙo ta tagar mota ta gaisa da mutumin, ta tambaye shi garinsu. Ya yi dariya ya ce shi a Makka aka haife shi, an dai ce kakansa daga wajen Kano yake, wallahi ma adri, wato bai sani ba. Ta ɗanɗana tsinke ɗaya ta ce ƙulin ya yi kaɗan. A kan ƙuli kam ba mai yi mata gardama.

Bayan magariba ina haɗa shayi, wanda shi kaɗai ne abin da na ɗora a wuta tun zuwanta, ta zo ta tsaya a ƙofar madafa. Ta dubi tukwanenmu a kife, a wanke fes. Ta ce, "'Yar nan, saƙon nan kin duba shi kuwa?"

Na ce, "Na adana shi, Gwaggo, yana wuri mai kyau, ba abin da zai taɓa shi."

Ta ce, "To." Ta koma ɗaki. Yau da na tsufa na san irin nauyin da ta ji kafin ta iya yin wannan tambaya, don baƙo a can ba ya buɗe baki ya yi zancen abinci a gidan da ya sauka. Ni kuwa a lokacin har daɗi na ji, wai ta ga ni mai adana ce.

Rana ta huɗu Baba ya rubuta masub da safe, wato ayaba da burodi da zuma, da rana kuma shinkafar madara da kaza daga wani mai dafa wa gidajen biki. Jirginsu sai washegari. Amma hantsi bai gama ɗagawa ba wani mutum ya zo daga wurin wakilin alhazai, ya ce an matso da tashin, kowa ya hallara a filin jirgi kafin azahar. Gida ya rikice. Baba yana ɗaure kaya yana cewa ai ba a gama ba, akwai sauran lambunan hanyar Makka da ba ta gani ba.

Gwaggo ta gama shiri, ta yafa mayafi, ta tsaya a tsakar gida. Ta ce da ni, "Ɗauko mini ƙunshin nan in mayar wa mai shi."

Baba ya ɗago. "Wane ƙunshi?"

Ba shi ta amsa wa ba, ni ta ci gaba da kallo har na hau sama na sauko da gwangwanin. Na buɗe murfin, warin da ya kwana uku a rana ya cika tsakar gidan. Baba ya saki igiyar da ke hannunsa. Ya durƙusa ya kwance tsumman daddawar, ya ɗauki guda ɗaya ya juya ta. A tsakiyar kowace akwai ɗan rami, shaidar babban yatsa. Ya sa nasa yatsan a ciki, bai shiga ba, ramin ya yi masa ƙanƙanta.

Sai a sannan Gwaggo ta yi magana, kuma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Inna ba ta gani sosai yanzu, amma ba ta yarda kowa ya taɓa kalwar nan ba. Ita ta dafa, ita ta rufe, ita ta danna. Dawar daga gonar mahaifinmu Baffa ce. Ta ce in kai gidanka, a tuƙa a tukunyarka, in zauna in ga ka ci, in zo in gaya mata. Na ɗauke shi na je Madina da shi, na je Makka da shi, har Arfa sai da ya hau. Na kawo gidanka, kwana uku ana ciyar da ni abincin kasuwa kamar wadda ta sauka a tasha. Ban ga hayaƙin gidanka ba, Auta. Yanzu na sauko daga hajji, ba zan je in yi wa tsohuwa ƙarya ba. Zan ce ka nuna mini teku."

Kunya ta rufe ni. Bayan kunyar kuma haushi ya biyo, na Gwaggo da ba ta faɗa tun farko ba, na Baba da ya shekara ashirin a can amma ya manta yadda ake karɓar baƙo a gidansu, da na kaina, wanda ya fi na kowa. Da ma Baba ya zage ni da ya fi sauƙi. Mota tana ta oda a waje. Ya ɗauki akwatin Gwaggo ya fita. Gwaggo ta dubi ƙunshin a ƙasa, ta dube ni, sai ta bi bayansa ba ta ɗauka ba.

Na tattara ƙunshin na ruga gidan maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Bahaushiyar Sudan mai sayar da soyayyiyar gyaɗa, wadda na san ita kaɗai ce mai muciya a lungunmu. Ina kuka ina ba ta labari, rabi Hausa rabi Larabci. Ta saurara ta riƙe haɓa. "Ya bitti, 'yar nan, a sama kika ajiye? Garin uwar mutum? Wa ya rene ki?" Ba ta jira amsa ba, ta ce risho ba zai yi ba, in hura gawayi, in ɗauko tukunyar gidanmu, ba tata ba.

Ta biyo ni gidanmu ta tankaɗe garin, don ya ɗan yi ƙwari a hanya. Ta nuna mini yadda ake talge, ta ce in rufe in jira. Da lokacin tuƙi ya yi na miƙa mata muciyar, ta ɓoye hannayenta a baya. "La, la. Ba ni za a ce ta tuƙa ba. 'Yar gidan aka aiko wa. Danne tukunyar da ƙafa, yalla." Na tuƙa, gumi yana shiga idona, tuwon yana tsalle yana ƙona ni. Tabon ɗaya yana nan a wuyan hannuna na dama. Ita tana tsaye a kaina tana cewa in juya daga ƙasa, ba shayi nake motsawa ba. Miyar kuwa da albasa da barkono da ragowar kifin jiya muka yi ta, na daka daddawa biyu a turmin gahawa, na kaɗa kukar da maburgin tsohuwar. Matar wani ɗan Yaman da ke sama da mu ta rufe tagarta da ƙarfi don mu ji.

An fara kiran azahar muka kwashe. Na ɗaure kwano biyu a zanen da ƙunshin ya zo a ciki, na ɗauki buta, tsohuwar ta raka ni muka tari mota. Filin jirgi a lokacin cikin gari yake, ba nisa. Muka tarar an riga an shigar da alhazai bayan shingen waya, suna zazzaune a inuwar gini kan kayansu, askari a bakin ƙofa ya ce ba mai shiga, ba abin da zai shiga. Na hango Baba tsaye shi kaɗai a jikin wayar, hannayensa a baya.

Na ajiye kwanonin a gabansa. Ya dube su, ya dube ni. Sai ya kama wayar ya ƙwala kira, "Yaya!" Ban taɓa jin muryarsa ta kai haka ba. Mata suka riƙa miƙa kiran daga wannan zuwa waccan har Gwaggo ta taso daga cikin taro, tana tafe a hankali kamar ba ita ake jira ba.

Baba ya zauna a ƙasa, a kan ƙura, da farar jallabiyar da ya yi kwana biyu yana ɗinkawa. Na zuba masa ruwa ya wanke hannu. Ya buɗe kwanon, ya yi bismilla, ya yanko loma ya dangwala ya kai baki. Sai ya tsaya, bai haɗiye ba, idonsa a rufe. Na ɗauka tuwon ne bai yi ba. Can ya haɗiye, ya sake yankowa, daga nan bai ƙara ɗago kai ba. Direbobi da 'yan dako suka tsaya kallon telan Ammariyya yana cin tuwo a bakin hanya, hawaye yana sauka cikin gemunsa, shi ko a jikinsa. Gwaggo ta tsuguna a ɗaya gefen wayar, ta riƙe ta da hannu biyu, tana bin kowace loma da ido daga kwano har baki. Ya cinye malmala biyu, ya sa yatsa ya suɗe kwanon miyar.

Ɗan guntun da ya rage a gefen kwano Gwaggo ta zuro yatsu ta cikin wayar ta ɗauka ta ɗanɗana. Ta ce, "Da gudaji. Gishiri ma ya so ya yi yawa." Sannan ta dube ni ta yi tambayar da ta yi kwana uku tana yi. "Wa ya dafa?"

Na ce, "Ni ce, Gwaggo."

Ta ce, "To, Allah ya yi miki albarka." Kalmomin da ta faɗa wa ɗan Yaman ne da mai suyar kifi, amma wannan karon sai da ta kama yatsuna ta cikin wayar ta matse. Aka fara kiran alhazai, ta tashi ta karkaɗe zaninta ta tafi, ba ta waiwayo ba.

Bayan wata uku wasiƙa ta zo. Gwaggo ta sa an rubuta cewa ta ba Inna darduma da turare, ta ba ta labarin dogayen gidaje da teku, Inna ba ta tanka ba. Tambayarta ɗaya, ko ya suɗe kwanon. Da aka ce ya suɗe, sai ta yi dariya ta ce tun yana yaro haka yake, ba a buƙatar wanke kwanonsa. Baba ya karanta daga sama, ya karanta daga ƙasa, ya ba ni na duba masa. Kalmar da yake nema ba ta ciki. Ya ninke ya sa a aljihun keken ɗinkinsa tare da sauran.

Da hajji ya zagayo, wani alhajin garinsu ya yi sallama a ƙofarmu da ƙunshi a hannu, an ɗaure da igiyar kaba. Gari, kuka, daddawa mai shaidar yatsa, da wata sabuwar muciya da aka ce tawa ce. Baba ya daɗe yana riƙe da ƙunshin, sannan ya ce da Larabci, "Halas," wato magana ta ƙare. Daga shekarar bai sake roƙon yafiya a wasiƙa ba. A ranar na tuƙa, alhajin yana zaune yana kallo, don shi ma an ce ya gani da idonsa. Haka aka yi shekara ta biyu, haka ta uku, kuma gudajin yana raguwa.

A shekara ta huɗu ina tsaye bayan Baba a ƙofar shago lokacin da wani dattijo daga garinsu ya sauko daga mota ya nufo mu. Baba bai dubi fuskarsa ba, hannayensa ya duba. Ba komai a cikinsu sai carbi. Tun kafin mutumin ya yi sallama, Baba ya ja kujera ya zauna, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."